Amsa kan yadda AIT ta faro har ta yi suna

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda tashar talabijin ta AIT ta samo asali da abin da ya ɗaga ta. Na yi shekaru ina riƙe da kyamara a wani gidan talabijin na jiha, a kan idonmu abin ya faru.

Kafin 1992 babu ɗan kasuwar da ke da hurumin buɗe rediyo ko talabijin a Najeriya, daga tashoshin gwamnatin tarayya irin su NTA sai na jihohi. Gwamnatin Babangida ce ta fitar da doka mai lamba 38 a shekarar, ta kafa hukumar NBC mai ba da lasisi. Shi mai tashar, Raymond Dokpesi, mutumin Agenebode ne a jihar Edo, kuma ba ɗan jarida ba ne. Injiniyan jirgin ruwa ne da ya yi karatu a Poland. Da rediyo ya soma, Raypower a Alagbado ta Legas a 1994, wadda ba ta rufe tasha dare da rana. Mu da muka saba in dare ya yi a sa taken ƙasa a kashe injin kowa ya kama gabansa, wallahi abin ya girgiza mu. AIT ta biyo baya a Disambar 1996, duk a ƙarƙashin kamfanin DAAR.

Amma in ka tambaye ni ranar da ta zama gagara-badau, zan ce watan Mayun 2006 ne, lokacin muhawarar ta-zarcen Obasanjo. Ta ajiye kyamara a majalisar dattawa tana watsawa kai tsaye. Ina shagon wani mai gyaran talabijin a lokacin, janareta na ruri, mutane sun yi cincirindo har bakin kwata, kowa na jiran ya ga sanatan mazabarsa ya miƙe. Wani dattijo ya nuna allon da sandarsa ya ce, "To, yau dai mu ji bakinka." Sanatan da ya san 'yan garinsu na kallonsa ba zai iya yin baki biyu ba. Ranar 16 ga wata ƙudurin gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar neman wa'adi na uku ya mutu. Har gobe ina ganin kyamarar nan tana da kaso a ciki.

Ta kuma sha wuya. An rufe ta na ɗan lokaci a 2005 kan hotunan hatsarin jirgin saman Bellview, a 2019 kuma NBC ta dakatar da lasisinta sai da kotu ta shiga tsakani. Shigar Dokpesi siyasar PDP tsundum ta sa wasu suka daina kallon labaranta da idon da, kuma ban ga laifinsu ba.

Shirinta na safe da kake ji ana ce wa Kakaaki, kakakin nan ne namu na fada. Dokpesi ya rasu a Abuja ranar 29 ga Mayun 2023, Kakaaki kuwa har yanzu ana busa shi da safe.