Safar Owlet ɗin jaririna ta fara wari, da me zan wanke ta?

Tambaya ta farko daga wata maijego ce a Kano. Ta ce: "Anti dan Allah ki taimaka min, yayana ne ya aiko min da safar nan ta Owlet daga Amurka, wadda ake ɗaura wa jariri a ƙafa tana auna bugun zuciya da iskar da ke jininsa. Yanzu wata biyu muna amfani da ita, ta fara wari, ranar nan yarinyar da ke taya ni aiki ta haɗa ta da kayan yaron ta jiƙa a Omo, tun daga nan take ta kunna wuta mai ruwan ɗorawa. Ta lalace kenan?"

Ƴar uwa barka da arziki, Allah ya raya mana. Kafin komai ki sani abin nan kashi biyu ne, akwai ƙyallen da ke naɗe ƙafar, akwai kuma ɗan ƙaramin injin da ke maƙale a jikinsa wato sensa, shi ne mai batir kuma shi ne duk tsadar. Yana ciruwa, ki cire shi duk lokacin da za a yi wanki. Ƙyallen ki wanke da hannu da ruwa mai ɗan ɗumi-ɗumi da sabulun da kike wa yaron wanka, ki ɗauraye sosai har santsin ya fita, kar a sa Hypo kar a sa Dettol, kuma kar a murɗe shi irin matsar zani. Duk sati biyu ya isa, amma a zafin Kano na watan Afrilu da yara ke kwana cikin gumi gaskiya ni duk sati nake cewa a yi, in kuma tumbuɗi ko fitsari ya taɓa to ranar za a wanke.

Shi kuma sensan ba a jiƙa shi. Tsumma mai laushi za ki ɗan jiƙa ki matse ki goge, musamman ƴan tagogin nan da jan haske ke fitowa, domin aikinsa kenan, yana haska fatar ƙafar da haske ja da wani hasken da ido ba ya gani, sai ya lissafa daga abin da jinin ya shanye. To ki duba al'adarmu, ana gama wankan yamma a mulke yaro da man kaɗanya ko basilin tun daga kai har tafin ƙafa, a bi da hoda, sannan a ɗaura safa a kai, man nan yana taruwa a kan tagar ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama wani dauɗa-dauɗa mai danƙo, in kika karkata shi a gaban fitila za ki gan shi da idonki. Sau da yawa wutar ɗorawar nan ba lalacewa take nufi ba, cewa take ba ta samun karatu mai kyau, ko safar ta goce ko tagar ta yi datti. Ki bar ƙafar da za a ɗaura wa ba mai, a bushe. Lalle ma haka, musamman baƙi, yana iya tare hasken.

Naki da ya sha Omo, kar ki ɗora shi a caji yanzu. Ki goge shi ki ajiye inda iska ke kaɗawa kwana biyu, ba a rana ba ba kusa da murhu ba saboda batirin, sannan ki share wajen cajin da busasshiyar auduga ki gwada. In ya cika caji ya kai ki har asuba to alhamdulillahi ya tsira, kamfanin ya ce cikakken caji na kai awa 16.

Wani abu da nake so ki kula da shi wajen shanya, kar a baza ƙyallen a ƙasa ko a kan katanga, musamman da damina, kin san ƙudan nan da ke yin ƙwai a jikin kaya tsutsa ta shiga fatar yaro, shi ya sa iyayenmu ke dagewa a goge kayan jarirai, ita kuma safar nan ba a sa mata dutsen guga. Ki rataye ta a ɗaki a gaban fanka, kuma sai ta bushe ƙarau kafin ta koma ƙafa. Mannin da ke jikinta in ya cika da zare ki tsefe da tsohon buroshin haƙori.

Tambaya ta biyu gajeriya ce, wata ta ce tana ganin jan shati a ƙafar ɗiyarta da safe. Ki riƙa canja ƙafa, yau dama gobe hagu, ki duba ko safar ta yi mata kaɗan ki koma babbar da ke cikin kwalin, kuma da rana in tana farke a cire. Shatin da ya baje bayan ɗan lokaci ba komai, amma in ya ɗuri ruwa ko fatar ta saɓule ki daina sawa ki kai ta asibiti.

Sai wani bawan Allah daga Kaduna, ya ce matarsa ta haihu bakwaini an sallamo su, ya ga ana sayar da ta hannu da sauƙi, ya saya?

Malam Allah ya ƙara wa jaririn lafiya, na san irin rashin barcin da kuke ciki, mutum ya tashi sau goma cikin dare yana kara yatsa a hancin yaro. Amma ka fara tambayar likitan da ya sallame ku tukuna. Wadda ake kira Dream Sock, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita ne a Nuwamban 2023, kuma don jarirai masu lafiya daga wata 1 zuwa wata 18, masu nauyin da ya kama daga kusan kilo 2.7 zuwa 13.6, kenan bakwainin da bai kai nauyin ba ba a yi ta dominsa ba. Tsohuwar kuma, Smart Sock, ita ce hukumar ta aika wa kamfanin takardar gargaɗi a kanta a Oktoban 2021 har suka daina sayar da ita a can, kuma ana iya samun irinta a hannun masu sayar da ta hannu, sai ka duba sunan da ke jikin kwalin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2022 ta sake cewa kar a dogara da irin waɗannan na'urori don kare yaro daga mutuwar fuju'a cikin barci, abin da suka dage a kai shi ne a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri ba filo ba tulin barguna. Kuma akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, binciken jami'ar Michigan na 2020 a kan manya a asibiti ya nuna na'urorin auna iska da haske sun fi kasa gano ƙarancin iska a baƙar fata, kusan ninki uku. Don haka in ka ga yaro na numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa, ya ƙi kama nono ko leɓe ya canja launi, ku tafi asibiti ko da wutar na nuna kore.

In likita ya ce ba laifi kuma ka ƙudura sai ta hannun, kar ka biya sai ka haɗa ta da manhajar Owlet a wayarka a gaban mai sayarwa, ka duba tagar sensan ba tsagewa ba alamar ruwa a wajen caji, ka roƙi ya bar maka ita dare ɗaya ka ga ƙarfin batirin. Ka tanadi fawa banki mai kyau saboda tashar da ke zuwa tare da safar, wadda ke nuna kore ko ɗorawa kuma take yin ƙara in akwai matsala, sai da wuta take aiki, in an ɗauke ta mutu. Ƙyallen da ƙafar wani yaro ta sha gumi a ciki kuma ka sayi sabo, ana sayar da shi daban, ka ɗauki biyu ma, ɗaya na ƙafa ɗaya na kan igiya.