Amsa ga mai son rubuta nasa tidy

Ka tambaye ni, ɗana, ko ya dace ka rubuta naka umarnin gama-gari (wanda yake duba nau'in abin da aka ba shi ya miƙa aikin ga reshen da ya dace) mai suna tidy a cikin kunshin da kake ginawa da R, harshen kwamfuta na ƙididdiga, tun da layi biyu ne kawai da UseMethod, kalmar da take yin wannan miƙawa. Amsata ita ce a'a, kuma da kuɗina na sayi wannan darasi.

Shekarun baya wata ƙungiya mai binciken amfanin gona ta ba ni kwangilar kunshin da zai ƙiyasta gero da dawar da gonaki suka bayar. Na rubuta nawa umarnin, na rataya masa rassa, wato ƙananan umarnai masu yin ainihin aikin, kowane nau'in lissafi da nasa, na gwada a kwamfutata komai ya tafi daidai. Sai wani ma'aikacinsu, ba tare da ya shawarce ni ba, ya loda wani kunshi bayan nawa, mai ɗauke da umarni mai wannan suna. A R, wanda aka loda daga baya shi yake rufe na farko, rassana kuwa a jikin nawa umarnin aka yi musu rajista, saboda haka baƙon bai gan su ba, ya faɗa kan reshensa na ko-ta-kwana, wanda ake komawa gare shi idan babu reshen da ya dace, ya fitar da teburi mai kama da gaskiya. R ta nuna gargaɗin rufewar a allo, babu wanda ya karanta. Da teburin nan suka rubuta rahoto, da asiri ya tonu shugabansu ya ɗora mini laifi, ya riƙe rabin kuɗin aikin wata uku. Har yau abin yana ci mini rai.

Don magance irin wannan ne mutanen kamfanin RStudio suka fitar da kunshin generics a 2018. Ba ya lissafa komai. Sunaye ne kawai irin su tidy, glance, augment da fit, a wuri ɗaya, domin broom, kunshin da yake mayar da sakamakon lissafi teburi, da kowane kunshi su rataya rassansu a kututture guda. Ka shigo da sunan daga can, ka sake fitar da shi ga masu amfani da kunshinka. Yadda ake rajistar reshe a NAMESPACE, fayil ɗin da yake bayyana abin da kunshi yake shigowa da shi da abin da yake fitarwa, kuwa, wanda bai san shi ba bai isa wannan tambaya ba.

Idan kuma dole ce ta sa ka ƙirƙiro sabon suna, ka bar shi da sharuɗɗa biyu kaɗai, wato x, abin da za a yi wa aiki, da ɗigo uku, gurbin ƙarin sharuɗɗan da rassa za su buƙata, domin ranar da wasu suka rataya masa rassa ba ka da ikon sauya fasalinsa. Ku yaran yanzu kuna cusa sharuɗɗa goma a ƙofar umarni don a ga kun iya, ba ku tunanin wanda zai gaji aikin. Ka rubuta ƙarara abin da kowane reshe zai dawo da shi, kuma reshen ko-ta-kwana ya tsaya ya ba da saƙon kuskure, kada ya yi hasashe. Ka gyara wannan ka kawo mini in duba kafin ka tura shi CRAN, babban rumbun kunshunan R.