Na'urar ɗiga mai ko shafa wa sarƙa da hannu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ɗaura wa babur ɗinka na'urar da ke ɗiga wa sarƙa mai da kanta, ko ka ci gaba da sa mai da hannu. Idan zirga-zirgarka ta kusa-kusa ce, tsaya kan na hannu, ya ishe ka. Duk bayan kilomita 500 zuwa 1000, ko bayan ruwan sama ya dake ka, wanke sarƙar da kananzir da burushi mai laushi, ka sa mata mai tun tana da ɗumi. Sai dai don Allah kashe injin tukuna, ka juya tayar da hannu. Sarƙa mai gudu tana cire yatsa. Na'urar ɗiga mai irin ta kamfanin Scottoiler ta mai doguwar tafiya ce, wanda yake wuni a kan kwalta.

Sharaɗinta kuwa saiti, nan ne mutane ke kuskure. Lokacin da na fara ɗaura tawa na buɗe ta da yawa, washegari na tarar da gefen tayar baya ya yi baƙi ƙirin, mai ya fantsama har kan lamba. Mai a jikin taya haɗari ne babba wajen shan kwana. Sai da na rage ta zuwa kamar ɗigo ɗaya a minti sannan ta daidaita. Kuma na'urar ba ta ɗaure maka sarƙa idan ta saki, dole ka riƙa durƙusawa kana taɓa ta da kanka.