Lambar wanda ya bar giya, likita ne ke faɗa

Kai yaro, ka tambaye ni wace lamba za ka sa wa majinyacin da nas ta rubuta cewa ya shekara biyu bai taɓa giya ba. Kana son F10.21, lambar kamuwa da giya da ta lafa, ko? Ajiye hannunka. A ICD-10-CM, tsarin lambobin cututtuka da muke sa wa fayilolin asibiti a Amurka, lambar da ke nuna ciwo ya lafa tana bin hukuncin likitan da ya duba mutum ya rubuta da hannunsa. Maganar nas ko ta majinyaci ba ta isa ba. Idan likita bai rubuta ba, ka aika masa tambaya a rubuce, ka jira amsa.

Tambayarka ta tuna min da wani mai ƙaramin asibiti a nan Amurka da na yi wa aiki. Ya zube min fayiloli, ya ce duk wanda aka taɓa ambata wa giya a sa masa F10.21, don lambar kamuwa ta fi jawo kuɗin inshora. Na buɗe fayil na farko, abin da ke ciki kawai "yana sha a da". Ba matakin ciwo, ba sa hannun likita a kan lafawa. Na ce ba zan yi ba. Da na tafi hutu, sai ya sa wani ɗan koyo irinka ya cika su duka da sunana a kan aikin. Masu binciken kamfanin inshora suka zo, suka zare fayilolin, suka ƙwace kuɗinsu. Mai asibitin nan ya kalle ni ido cikin ido ya ce laifina ne, ya riƙe haƙƙina na watanni. Har yau ko dala ɗaya ban gani ba.

Sauran kuma ai karatu ne. Ciwon shan giya mai sauƙi da ya lafa F10.11, an shigo da ita Oktoban 2017. Matsakaici ko mai tsanani F10.21. F10.91 ta zo a 2022 don wanda ya lafa amma ba a fayyace matakinsa ba. DSM-5, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance ciwo, ya ce wata 3 zuwa ƙasa da 12 ba alamun ciwon lafawar farko ce, daga 12 ta ɗore, amma lambar ɗaya ce.

Ku yaran yanzu sai ku buga kalma a kwamfuta, abin da ya fara fitowa shi kuke ɗauka. Je ka karanta sashe na I.C.5 na ƙa'idojin ICD-10-CM, kada ka sake zuwa min da fayil kafin ka gama shi.