Tambayi Likita: Tiramadol, Kodin da Batun Gidan Mari

Tambaya: Likita, Adaidaita Sahu nake tuƙawa. Kullum da safe sai na haɗiyi tiramadol biyu kafin in iya fita. Makon jiya na yanke jiki na faɗi ina kakkafewa, 'yan gida suka ce iska ce. Mene ne gaskiya? Daga wani direba a Kano.

Amsa: Malam, kafin a nemi mai ruƙiyya a duba aljihunka. Tiramadol na jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Iyakar abin da likita ke yarda babban mutum ya sha a yini shi ne miligiram 400. Wanda ake sayarwa a ɓoye a tasha sau da yawa kowace ƙwaya miligiram 225 ce, ka ga biyu ma sun wuce iyaka, ba a maganar ƙarin da ake yi da rana. Ƙarfin da kake ji kuwa aro ne. Ƙwayar tana rufe gajiya ne kawai, jiki na can yana biyan bashi. In ka haɗa ta da kodin ko maganin barci, numfashi na iya tsayawa kana kwance. Ka ajiye tuƙi tukuna, don rayukan fasinja amana ne. Amma kada ka daina dare ɗaya: za ka sha zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, har ka koma mata da gudu. Je asibiti a riƙa rage maka a hankali.

Tambaya: Wai da gaske ne Arewa ta fi ko'ina shaye-shaye? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A'a, 'yata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma Kudu maso Yamma ce kan gaba. Tabar wiwi ta fi yawa, wajen mutum miliyan 10.6. Kada dai mu saki jiki. Ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce, kuma ruwan kodin da gwamnati ta haramta a watan Mayun 2018 ya shiga ɗakunan matan aure da dama, inda ba mai gani.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 19 yana shan wiwi da sholisho, har ya fara surutu shi kaɗai. Baffansa ya ce a kai shi gidan mari. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, Allah Ya shirya mana zuriya. Ni dai ban goyi bayan mari ba. Sarƙa na hana hannu kaiwa baki na wata uku, ba ta taɓa ƙwaƙwalwar da ta saba. Abin da aka tarar a wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna a 2019, wato mutane ɗaure da sarƙa ana azabtar da su, ya isa ishara. Surutun nan shi ya fi damuna, don wiwi kan tayar da taɓin hankali ga matasa, sholisho kuma yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato bai yi muku nisa ba. Ki lallashe shi, ki raka shi da kanki, baffan ma ya zo ya ji bayanin likita da kunnensa.