Girafin da jita-jitar maganaɗisu a hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a fannin fiziks, kuma ina so aikina na kammala digiri ya kasance kan girafin, saboda labarin Andre Geim da na karanta. Amma kawuna ya ce in kiyaye, wai girafin ne abin da aka zuba a allurar korona har maganaɗisu ke mannewa a hannu. Yanzu ya hana a kai 'ya'yansa kowane rigakafi. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin zaɓi mutumin da ya dace a yi koyi da shi. An haifi Geim a Sochi ta Rasha a 1958, ya yi digirin digirgir a 1987. Yana Nijmegen ta ƙasar Holan ne a 1997 ya sa kwaɗo mai rai ya tsaya a iska cikin wani ƙaƙƙarfan maganaɗisu, abin da ya jawo masa kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2000. Riƙe kwaɗon nan, za mu dawo gare shi. Ya koma jami'ar Manchester ta Ingila a 2001, inda a 2004 shi da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare girafait (baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi) da salatif har suka samu shimfiɗa mai kaurin atom ɗaya, wato girafin, suka auna yadda lantarki ke bin ta. Nobel ta biyo baya a 2010. A ganina babban tasirinsa shi ne ƙofar da ya buɗe: ashe ana iya ɓaro irin wannan shimfiɗa daga wasu ma'adinan, a jera su kamar tabarmi. Daga nan ne ayarin Pablo Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗora shimfiɗar girafin biyu a kan juna a 2018, suka karkata ɗaya da digiri 1.1, lantarki ya riƙa wucewa ba turjiya a matsanancin sanyi.

Yanzu ga maganar kawu, wadda wallahi na gaji da jin ta. A ɗaurin aure an tare ni da ita, a tashar mota ma haka. Babu girafin a jerin sinadaran allurar korona ko ɗaya da aka yi wa mutane. Jita-jitar ta yi ƙarfi ne a 2021 daga wani rahoto na Sifaniya da masana ba su tantance ba, wanda jami'ar mai rahoton ma ta nesanta kanta da shi. Sai masu murya a WhatsApp suka ɗauka, suka ƙara gishiri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙaryar ba ta ma san kanta ba. Ke ɗalibar fiziks ce, kin san girafait ture maganaɗisu yake yi, ba ya jan sa. Siririn ɓallin girafait mai kyau har shawagi yake yi a kan maganaɗisai. Wannan turewar ce ta ɗaga kwaɗon Geim, ruwan jikinsa ne ya ture. To ta yaya abin da ke gudun maganaɗisu zai manna shi a damtse? Cokali da tsabar kuɗi da ake nunawa a bidiyo kuwa, su ba maganaɗisu ba ne, gumi da maiƙon fata ke riƙe su. A shafa hoda a wurin a sake gwadawa, cokalin a ƙasa zai kwana. Sannan girafin da aka narkar a ruwa, ko kaɗan ne, sai ya rina shi ya koma kalar shayi ko baƙi. Allurar da duka-duka rabin mililita ce, ina za ta ɓoye wannan? Masu cewa ana juya mutum ta 5G kuma, su nuna mana eriyar da batirin.

Dariya abin zai ba ni da ba don yara ke biyan kuɗin ba. Mun ga abin da ƙauracewa rigakafin shan inna ta jawo a Kano a 2003, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'inta na asali. Mashaƙon da ya ɓarke a 2023 ma, yawancin yaran da ya kama ba su da cikakken rigakafi. Wanda ya tura muryar yana barcinsa, uwa ce ke kwana a asibiti.

Kada ki yi wa kawu gardama a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai da fensir da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Ki goga bakin fensirin a takarda, ki faɗa masa a kaurin milimita ɗaya na girafait akwai shimfiɗar girafin kusan miliyan 3, sannan ki miƙa masa maganaɗisun ya gwada da hannunsa. Batun aikinki kuma, in sashenku ba shi da na'urar Raman, wadda ake tantance girafin da ita ta hanyar haske, ki fara da lissafin matakan kuzarin girafin a kwamfuta, wannan ya isa aikin digiri.