Me ke cikin garin Turawan nan da Baba ya kasa mantawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Mahaifina ya yi kwas ɗin koyarwa a Ingila kafin a haife ni, a wani ƙaramin gari mai suna Ormskirk. Tun da ya yi ritaya ba shi da hira sai ta garin nan, har yayyena sun fara cewa ya fifita ƙasar Turawa a kan Daura. Abin yana damuna. Me ke cikin garin haka? Daga 'yarka a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Garin na san shi, don ni ma a kwalejin horon malamai ta Edge Hill da ke can a lokacin na yi karatu. Yana arewa da Liverpool, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa.

Ran garin kasuwarsa ce. Tana ci Alhamis da Asabar, tun 1286 da Sarki Edward na Ɗaya ya ba da izini. Ba fili aka ware mata ba, a kan titunan tsakiyar gari ake kafa rumfuna, kewaye da hasumiyar agogo. Manoma su kawo dankalin Turawa da kabeji, ƙasar gona na jikinsu. Ga biskit mai citta da garin ya yi suna da shi. In ka sayi kaya sau biyu wurin tsohuwa, na uku sai ta tambayi lafiyar iyalinka. Wanda ya saba cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi ba zai ji baƙunta ba.

A zamaninmu, kafin gari ya waye mai madara ya ajiye kwalabe a bakin ƙofa, kuɗinsa sai ƙarshen mako. Ba mai taɓawa, sai tsuntsaye masu huda murfin.

Wahala ma akwai. Lokacin hunturu ƙarfe huɗu duhu ya shigo, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. A wancan lokacin, in ba ka jefa kuɗi a mitar gas ko ta lantarki ba, ɗakinka ba zai ɗumama ba. Naman halal kuwa sai mun je Liverpool.

Yayyenki ba su yi masa adalci ba. Mutumin da ya dawo ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da 'ya'yan Daura ba a ce ya raina gida. Ƙuruciyarsa yake kewa, da mutanen da suka karɓe shi yana baƙo. Ki samu lokaci bayan isha'i ki tambaye shi a gidan wa ya kama haya, kuma yaya ya yi azuminsa na farko a can. In ya yarda, ki ɗauki muryarsa a waya saboda jikoki.